Turbo ko Lefe? Amsa ga Mai BMW na Tudun Wada

Wasiƙar wannan makon daga Tudun Wadan Zariya ta zo. Na rage mata tsawo, amma maganar tasa ce.

"Assalamu alaikum Yaya. Shekaruna 28, ina da shagon gyaran waya a PZ. Tun ina yaro nake son mota. Bara Allah ya hore mini na sayi BMW E36, 325i, mai giyar hannu. Na yi wasan mota da ita a bikin abokaina biyu, yanzu kuma burina in shiga gasar zamiya, wadda muke kira dirif, irin wadda ake yi a Abuja da Legas. Damuwata uku ce. Motar tana zafi in na matsa mata, duk da bakanike ya cire tamostat ya haɗa fanka kai tsaye. Wani abokina zai sayar mini da turbo na hannu da araha, amma sai na taɓa kuɗin lefen da nake tarawa, ga shi an sa rana bayan Babbar Sallah. Sannan wani ya tura wa Baba bidiyon wasan da na yi a bikin ƙarshe, ya ce ko in sayar da motar ko in daina gaishe shi. Yau kwana tara ba ya amsa gaisuwata. Ina son Babana, ina son yarinyar, ina son motar. Yaya zan yi?"

Wa alaikumus salam, ƙanena.

Ba zan fara da yi maka faɗa a kan son mota ba, domin ni ma da wannan ciwon na taso, har yau in na ji kukan inji mai silinda shida a jere sai na waiga. Wanda ya girma a garin da ake hawan Daushe, yana kallon mahaya suna sako dawaki a guje su zo gaban Sarki su tsaya cak cikin ƙura, ba zai ce bai san daɗin gudu da gwanintar tsayawa ba. Abin da kake so, wato sa bayan mota ya zame da gangan tana tafiya a karkace direba na sarrafa ta, wasa ne na gaske, yana da ƙa'idojinsa da gwanayensa, akwai masu cin abinci da shi. Sai dai ta wutsiya ka kamo shi, shi ya sa komai ya cakuɗe maka lokaci guda.

Bari in sallami maganar turbo tukuna, ita ce mai sauƙi. Kada ka saya. Ko kyauta abokin naka zai ba ka, ka ce ya ajiye. Injin da ke cikin 325i, wanda ake kira M50, lita 2.5 ne, ya bar kamfani da ƙarfin doki 192, kuma tun 1995 aka daina ƙera wannan samfurin. Motarka ke nan ta kai shekara 30 a duniya ko ta haura. Aikin turbo shi ne ya cusa wa inji iska da ƙarfi don ya ƙona mai fiye da yadda aka tsara masa. Ƙarin wuta ne, ƙarin wuta kuwa ƙarin zafi ne, ga shi kai da bakinka ka ce tana zafi tun ba a ƙara mata komai ba. Kuma abin da za a miƙo maka a kwali farkon kashe kuɗi ne kawai. Sai an sa manyan nozul, da famfon man da zai iya ciyar da su, da abin da zai huce iskar kafin ta shiga inji. Sai an ja wa turbo ɗin bututun baƙin mai na zuwa da na dawowa. Sai an canza kuloci, don na kamfani zai riƙa sulɓewa. Uwa uba, sai an sami wanda ya iya sake tsara kwamfutar injin, ya zauna da na'ura yana auna mai da iska. In aka kuskure wannan, mai ya yi ƙaranci a cikin silinda, fistin narkewa yake yi. A gidajen manmu kuma fetur iri ɗaya ne, ba kamar Turai ba inda mai irin wannan inji zai zaɓi mai lamba 98 wanda ya fi jure matsi. Turbo na hannu kuwa, sau da yawa sai ya fara shan baƙin mai yana hayaƙi ake neman rabuwa da shi. Araha ba ta ado.

Ba ka ma buƙatarsa. Keiichi Tsuchiya na Japan, wanda ya sa duniya ta san wasan zamiya, da Toyota Corolla AE86 ya yi suna, 'yar ƙaramar mota mai inji lita 1.6, ƙarfinta bai wuce doki 130 ba. Kai kana da 192 a takarda. Nawa ne suka rage bayan shekara 30 na ƙura da baƙin man bakin titi? Dawo da waɗanda suka ɓace ya fi maka amfani a kan neman sababbi.

To sai zafi, wanda shi ne ainihin ciwon motarka. Shekarun baya ina da irin tata. Wata rana cikin Afrilu na taso daga Kaduna da azahar, na ɗan wuce Jaji, sai na ji wani wari mai zaƙi-zaƙi kamar sukari ya zuba a garwashi. Na kalli allura, tana tsakiya, na ci gaba. Ban yi kilomita biyu ba ta miƙe ta kwanta a ja. Da na gangara na ɗaga bonet, ashe tankin robar da ke gefen lagireto ne ya tsage a wuya. Tsagar ba ta kai tsawon ɗan yatsa ba, tururi na fita ta cikinta da tsiwa kamar bakin butar mai shayi. Wannan 'yar tsagar ta ci mini gaskit, ta lanƙwasa kan inji, mota ta yi wata biyu a gareji. Ɗan hakin da ka raina ke nan.

Abu biyu nake so ka ɗauka daga wannan. Allurar zafin waɗannan motoci tana daɗewa a tsakiya, kafin ta motsa abu ya yi nisa, don haka mai wasa da su yana sa wata allurar ta daban wadda ke nuna lamba. Na biyu, yawancin kayan ruwan BMW na wancan zamani roba ce: wuyan lagireto, tankin ruwa, fankar kanta, har farfelar cikin famfon ruwa a wasu samfuran. Roba in ta sha zafi shekara da shekaru sai ta bushe ta zama kamar ƙwaryar da ta kwana a rana. Farfelar famfon takan tsage ta saki sandarta, inji na juyawa ruwa na tsaye, kai kuma daga waje ba ka ganin ɗigo ko ɗaya.

Cire tamostat da aka yi maka ɓoye ciwo ne. Ban ga laifin bakaniken naka sosai ba, haka ya tarar ana yi, kusan duk motar da ta shigo daga Kwatano haka ake mata da sunan ƙasarmu da zafi. Amma tamostat ƙofa ce mai aiki biyu. Tana rufe har ruwa ya kai wajen digiri 90, sannan ta buɗe hanyar lagireto, a lokaci guda ta toshe gajeriyar hanyar da ruwa ke bi ya koma inji bai leƙa lagireto ba. In babu ita, da safen hunturu inji zai daɗe bai ɗumama ba, kwamfuta ta yi ta zuba fetur yana wanke jikin silinda. Da rana kuma wani kaso na ruwan yana zagayawa ta gajeriyar hanya bai huce ba. An yi asara gaba da baya.

Kafin ka sayi komai, a fara tabbatar da zafin da ta sha bai riga ya taɓa gaskit ba. A auna matsin silinda shidan ɗaya bayan ɗaya, ka tsaya a wurin ka rubuta lambobin da hannunka. Ka duba ƙarƙashin murfin baƙin mai ko akwai wani abu mai kama da kindirmo. Da sassafe kafin a tada inji ka matsa babban tiyon lagireto. In ka ji shi da tauri kamar an hura masa iska, akwai magana. In inji ya fita lafiya, to a canza kayan ruwan gaba ɗaya a zama guda: lagireto, famfo, tamostat da gidansa, tanki da murfinsa, tiyo-tiyo, fanbel, da kulocin fanka. Sababbi, ba na Beljiyam ba. Kayan ƙarfe irin su giya da aksul kana iya dace da na hannu masu kyau a Panteka ta Kaduna ko Ƙofar Ruwa a Kano, amma tsohuwar roba tsohuwa ce ko jiya aka kwanto ta daga Jamus.

Kada ka raina murfin tankin nan. Shi ke riƙe matsi, matsin kuma shi ke hana ruwa tafasa da wuri. Zariya a kan tudu take, sama da mita 600 daga bakin teku, saboda haka ruwa a buɗaɗɗiyar tukunya yana tafasa a wajen digiri 98, bai ma kai 100 ba. Inji kuma yana aiki ne a 90 da ɗoriya. Ka ga in murfi ya mutu tazarar ba ta da yawa, balle a Maris da Afrilu da zafin gari ke kusantar digiri 40, balle kuma a wasan zamiya inda inji ke ihu amma mota tana tafiya a karkace, iska ba ta dukan lagireto sosai. Ka daina zuba mata ruwan rijiya ko na leda, suna barin tsatsa da gishiri. Ruwan inji mai launi za ka haɗa da tataccen ruwa. Bayan an zuba a ɗaga gaban motar, a kunna hita, a sassauta ɗan notin fitar da iska har kumfa ta ƙare. Yawancin waɗanda suka canza kaya zafi bai daina ba, a nan suka yi gaggawa.

Baƙin mai ka saya a inda ka amince da shi, a galan mai hatimi, ka yi juye da sabuwar tata kafin kowace fita wasa mai tsanani ko bayanta. Ranar da aka sauke kaskon mai, ka ce a duba notin da ke riƙe da haƙorin famfon baƙin mai. Sanannen rauni ne a wannan inji, yakan kwance in ana yawan kai shi ƙarshen gudu, in ya kwance kuwa cikin daƙiƙoƙi inji ya buga. Ana ɗaure shi da waya ko a ɗiga masa walda, aikin minti goma ne. Akwatin iskar da kamfani ya sa kuma ka bar shi yadda yake. Buɗaɗɗiyar tatar nan mai kamar mazurari da samari ke sawa don ƙara, iska mai zafi take zuƙa daga gefen inji, da ƙurar hunturu kuma tana wuce ta kamar ba ta nan.

Ka tambayi duk mai doki a cikin Birni. Ranar hawa, kafin a ɗora kayan ado, kofato ake dubawa, da majayi, da linzami. A mota, taya da birki ke nan. Man birki yana shan ruwa daga iska a hankali. Mai lamba DOT 4 in sabo ne ba ya tafasa sai ya kai digiri 230, amma in ya sha ruwa sai ya sauko wajen 155. In ya tafasa, kumfa ce ke cika bututu, ka taka birki ƙafarka ta tafi har ƙasa mota ba ta ji ba. Wanda hakan ta taɓa samu ba ya mantawa. Kowace shekara biyu ake canza shi a motar gida, mai wasa kuma duk shekara. A zuƙe tsohon gaba ɗaya, ba ciko ba. DOT 4 ko DOT 5.1 za ka nema. DOT 5 wani iri ne daban, ba ya haɗuwa da su. A duba tiyon birki na roba guda-guda, in akwai mai kumburi ko tsaga a fitar da shi.

Taya kuma tana ɗauke da ranar haihuwarta a jikinta. Ka durƙusa ka nemi inda aka rubuta DOT, a ƙarshen layin za ka ga lamba huɗu. In ka ga 2319, an yi ta ne a mako na 23 na shekarar 2019. Kamfanin Michelin ma yana cewa taya in ta kai shekara biyar a riƙa duba ta duk shekara, in ta kai goma a cire ta ko zanenta bai goge ba. Na san masu zamiya suna cinye tsofaffin tayoyi a baya, wannan ba laifi in a fili ne kuma a ƙaramin gudu. Amma na gaba su ne ke riƙe da ranka, a nan ba a neman sauƙi. Ka sami rim biyu na daban don tayoyin wasa, ka ɗaura su a fili, ka cire su kafin ka hau titi.

Ƙarƙashin motar a ɗaga ta a bi shi da fitila: boljoyin, tayarod, bushin hannuwan gaba da na baya, shakazoba, robar da ke haɗa farfela da giya, da kujerun inji, domin in suka karye inji yakan yi tsalle fanka ta ci lagireto. A leƙa inda shakazoba na baya da gadon aksul suka kama bodi, nan E36 ke tsagewa. Za a ce maka ka yi wa aksul walda don tayoyin baya su riƙa juyawa tare. Yana sa zamiya ta yi sauƙi, gaskiya ne, amma motar da za ka je shago da ita, ka ɗauki iyali da damina a kan jiƙaƙƙiyar kwalta, ba a yi mata haka. Ka nemi aksul mai kulle kansa. Wasu 325i da shi suka fito, ana gane shi da harafin S a farkon lambar da ke kan ɗan ƙarfen da ke manne a jikinsa.

Jikinka ma yana da haƙƙi. Hular kwano ta gaske, mai tambarin gwajin inganci na ECE ko Snell a ciki, ba irin wadda ake rataya a hannun mashin don jami'ai ba. Kayan auduga, don yadin roba in ya kama wuta manne wa fata yake yi. Tukunyar kashe gobara a ɗaure da ƙarfe inda hannunka zai kai kana zaune. Batir, wanda a motarka yana cikin but, a ɗaure shi tamau. Tiyon fetur da suka shekara 30 a canza su. Bel ɗin kamfani ya ishe ka a yanzu. Kejin ƙarfen da ake haɗawa a cikin mota don kare direba in ta kife, da kujerar tsere da bel mai igiya da yawa tare suke tafiya, kuma keji a motar da ake hawa titi ba hula yana iya fasa kan mai ita a ƙaramin karo.

Duk wannan na faɗa maka ne don fili, ba don titi ba, kuma a nan maganar Baba ta shigo. Na bar ta a baya a rubutu, amma a aikace ita ce ta farko.

Ka sake kallon bidiyon nan, amma wannan karon kada ka kalli motar. Ka kalli gefe. Za ka ga yara sun yi da'ira, wasu ba takalmi, wasu sun matso da waya suna ɗauka. Kai gwaninta ka gani, Baba su ya gani. Nauyin motarka ya kai wajen kilo 1,300. A gudun kilomita 50 kacal, tana cin kusan mita 14 a daƙiƙa ɗaya. In gudu ya ninka sau biyu, nisan da birki ke buƙata sau huɗu yake ninkawa. Tayarod guda ya ɓalle, ko taya ta taka yashi, ko yaro ya ruga ɗauko hularsa, ba gwanin da ke da lokacin gyarawa. Na taɓa raka wani maƙwabcinmu asibitin Shika da daddare. Ɗansa mai shekara tara ya je kallon wasan mota a wani biki. Muna zaune a kan benci a waje, uban yana riƙe da silifas ɗin yaron ƙafa ɗaya, yana ta juya shi a hannu, bai ce uffan ba har asuba. Yaron ya rayu, amma har yau da sanda yake tafiya. Wanda ya tuƙa motar kuma yaron kirki ne, kowa a unguwar zai shaide shi, kamar yadda na tabbata za a shaide ka.

Na san abin da samari ke cewa, tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Haka ne. Amma wanda ya shiga tsakiyar taro da mota yana juyi, shi ya aika wa tsautsayin goron gayyata. Ka kuma san hukuncin kisan kuskure a addininmu: diyya, da kaffarar azumin wata biyu a jere. Ga hukuma a gefe, tuƙin ganganci laifi ne ko ba a taɓa kowa ba. Tsuchiya ɗin nan da na ambata, sai da aka dakatar da lasisinsa na tsere saboda wasan da ya yi a titin jama'a aka ɗauka a bidiyo. Darajar da yake da ita a yau a filin tsere ya same ta, har ya kai ga cin ajinsa a tseren awa 24 na Le Mans a Faransa a 1995, cikin Honda NSX.

Don haka a wannan rigimar Baba ne da gaskiya, kuma ba rabi-rabi ba. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba, mu kuwa Zazzagawa mun san tsawon rimi. Uban da ya iya kwana tara bai amsa gaisuwar ɗansa ba, ka sani shi ma ba barci yake yi ba. Tsoro ne ya sa masa rigar fushi.

Kada ka je masa kai kaɗai, kada kuma ka je da hujja. Ka sami Baffa ko wani aminin Baba da yake jin nauyinsa, ka fara gaya masa komai, ya raka ka. In kun shiga ka durƙusa, ka ajiye makullin motar a gabansa, ka ce ka yi kuskure, ka daina wasa a titi da wurin biki har abada, kana neman gafara. Ka tsaya a nan. Kada ka kawo zancen gasa, kada ka ce ai a ƙasashen waje sana'a ce. In ya riƙe makullin, ka bar masa. Dama motar da ke zafi ba ta da inda za ta je. Ka kuma cika alkawarin, har da bikinka kai kanka: ka gaya wa abokanka tun yanzu cewa ranar ɗaukar amaryarka ba wanda zai juya mota. A nan ne Baba zai gane da gaske kake.

Bayan biki, in ƙura ta lafa, Baffa ne zai sake tada maganar, ba kai ba. Lokacin kana da abin nunawa: mota lafiyayya, hula, tukunyar kashe gobara, da fili rufaffe wanda mai shi ya ba da izini, ba 'yan kallo sai waɗanda ke bayan shinge nesa. Ku haɗu ku biyar ko shida masu irin wannan sha'awar, ku nemi filin tare, ku sanar da hukuma, mota ɗaya a ciki a lokaci guda. A ƙasar nan ƙungiyar Automobile and Touring Club of Nigeria ce ke da alaƙa da hukumar tseren motoci ta duniya, FIA, kuna iya tuntuɓarta kan ƙa'idoji. Koyon kansa a giya ta ɗaya da ta biyu ake yin sa. Ka ajiye robar nan mai tsini da ake jerawa a hanya guda ɗaya ka zagaye ta har ka iya riƙe da'irar da totur kaɗai, hagu da dama. Sannan ka sa biyu ka yi ta zana lamba takwas. Wata shida a kan wannan zai ba ka abin da turbo ba zai taɓa ba ka ba, hannu da ƙafa masu jin mota. Ka gayyaci Baffa ya zo ya gani da idonsa, ya koma ya ba da labari.

In bayan duk wannan Baba ya ce a'a, to a'a ce. Ka mayar da ita motar zuwa shago, ko ka sayar. Zai yi maka ciwo, na sani, ba zan ce maka ba zai yi ba. Amma shekararka 28, E36 kuma ba ta ƙare a kasuwa ba, zuciyar iyaye ma takan sauko in ta ga shekara ɗaya ko biyu na natsuwa.

Kuɗin lefe kuwa ba naka ba ne kai kaɗai tun ranar da aka sa rana. Iyayenka sun ba da baki, iyayenta sun shaida wa dangi. In ka taɓa shi da niyyar mayarwa, mota ba ta mayar da bashi, kullum sabon baki take buɗewa. Ka bar shi inda yake. Ka buɗe wa motar nata asusun daban, wani abu ƙayyadadde daga ribar shago duk wata, bayan an fitar da na gida, abin da ya taru shi za ta ci. Ka sa a lissafi cewa wannan wasa taya da fetur yake ci fiye da komai. Yini guda a fili yana iya cinye tayoyin baya, fetur kuma ka ga yadda ya tashi daga ƙasa da naira 200 ya haura 500 cikin 'yan kwanaki da aka cire tallafi a Mayun 2023, bai kuma tsaya a nan ba. Ita ma yarinyar ka gaya mata da bakinka cewa kana da wannan sha'awar, da nawa kake niyyar kashe mata, da alkawarin da ka yi wa Baba. Gara ta ji daga gare ka yanzu, da ta gani a wayar ƙawarta bayan ta tare.

In an auna matsin silinda, ka turo mini lambobin shidan, da lambobin da ke jikin tayoyinka huɗu, in gaya maka da me za a fara. Amma daren yau, bayan isha'i, gidan Baffa za ka nufa. Ka hau mashin, ka bar motar a gida, makullin kawai za ka sa a aljihu.